Tafiya Ƙasa Mai Zafi: Yadda Matafiyi Zai Kula Da Lafiyarsa

Yaushe ya kamata in ga likita?

Mako 4 zuwa 6 kafin tafiya, saboda wasu allurai na ɗaukar lokaci kafin su kama jiki. Katin rigakafin zazzaɓin shawara, alal misali, ba ya aiki sai bayan kwana 10 da yin allurar, kuma akwai ƙasashen da ba za su bar ka ka shiga ba sai da shi. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce allura ɗaya ta isa har tsawon rayuwa.

Na saba da sauro tun ina yaro, sai na sha magani?

Nan ne mutane da yawa suke ruɗuwa. Garkuwar da jiki ke samu daga maleriya tana raguwa idan mutum ya daɗe ba ya zaune inda cutar take. Likita ne zai zaɓa maka maganin kariya. Doxycycline, ɗaya daga cikin irin waɗannan magunguna, ana fara shi kwana 1 ko 2 kafin tafiya, ana sha kullum, a ci gaba har mako 4 bayan dawowa. Wannan mako 4 ɗin ne ake yawan watsi da shi, alhali ƙwayar cutar na iya kasancewa a hanta tana jira.

Kada kuma a ɗauka sauro na dare ne kawai. Mai ɗauke da maleriya yana cizo daga faɗuwar rana zuwa asuba, amma mai ɗauke da dengi, wani zazzaɓi na daban, da rana yake farauta, musamman da sassafe da yamma lis. Gidan sauro da dare, doguwar riga da man shafawa mai sinadarin DEET mai korar sauro da rana.

Ruwan sha fa?

A tafasa shi na minti 1, ko a sha na kwalba wanda murfinsa bai taɓa buɗuwa ba. Ƙanƙarar da ake sa wa abin sha ma ruwa ce, ba a san daga ina take ba. In gudawa ta kama ka, zuba ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita 1 ta ruwa mai tsabta, ka riƙa kurɓa. Wanka a tafki ko kogi kuwa na iya jawo tsargiya.

Idan zazzaɓi ya zo bayan na dawo?

Je asibiti ranar, a gwada jini, ko da watanni sun wuce. Faɗa wa likita ƙasar da ka je. Kafin sakamako ya fito, farasitamol kawai za ka sha, domin asfirin da ibuprofen na iya tsananta zubar jini idan dengi ne.