Gubar funfuna a gyada da masara: tambayoyi da amsoshi

Mece ce wannan guba, kuma daga ina take fitowa?

Sunanta afulatoksin, kuma wata funfuna da masana ke kira Aspergillus flavus ce take fitar da ita idan ta samu zafi da laima. Tana kama gyada da masara tun a gona, musamman idan fari ya wahalar da shuka ko ƙwari sun huda ƙwaya, sannan ta yaɗu a rumbu. Duniya ta farga da ita a shekarar 1960, lokacin da talotalo kimanin 100,000 suka mutu a Ingila bayan sun ci abincin da aka haɗa da garin gyada daga Brazil.

Wace illa take yi wa mutum?

Hanta take kai wa hari. Idan an ci da yawa a lokaci guda tana kisa, kamar yadda ya faru a gabashin Kenya a 2004, inda gurɓatacciyar masara ta kwantar da mutum 317, kuma 125 daga cikinsu suka rasu. Abin da ya fi damuna shi ne cin ta kaɗan-kaɗan shekara da shekaru, domin yana jawo sankarar hanta, musamman ga mai ɗauke da ciwon hanta nau'in B, kuma ana danganta shi da tsumburewar yara.

Dafawa ko suya ba za su kashe ta ba?

A'a. Wuta tana kashe funfunar, amma gubar tana nan a cikin tuwo da ƙuliƙuli.

To, a ba dabbobi abin da aka tsince?

Nan ne kuskuren da ya fi yawa a gidajenmu. Uwargida za ta tsince baƙar gyada da masarar da ta yi kore, sai ganin asara ya sa a watsa wa kaji ko a zuba wa shanu cikin dusa. Kaji suna rage ƙwai, su daina girma, su riƙa mutuwa, kuma 'yan agwagi sun fi saurin kamuwa. Saniya kuwa, jikinta yana sauya gubar ta fito a cikin madara, don haka abin da aka hana yaro ci a kwano sai ya dawo masa ta nono. Abin da ya ruɓe, a ƙona shi ko a binne.

Me manomi zai yi tun da wuri?

Ya girbe a kan kari, ya shanya a kan tamfol maimakon ƙasa har ƙwaya ta bushe ƙayau, sannan ya ɗora buhuna a kan katako nesa da bango. Akwai kuma Aflasafe, wanda cibiyar binciken aikin gona ta IITA da ke Ibadan ta samar: dawa ce da aka lulluɓe da irin funfunar da ba ta da guba, ana watsa ta a gona mako biyu zuwa uku kafin shuka ta yi fure, sai ta riga mai gubar kama wuri.