Ɗakin aiki ya ishe ka? Tambayoyi kan ɗaukar kwamfuta zuwa wani wuri a Birnin Kebbi

Tun kullen korona na 2020 masu aiki daga gida suka ƙaru, har a nan Birnin Kebbi: masu fassara, masu zanen talla, masu shigar wa ƙungiyoyi bayanai, da 'yan kasuwar da shagonsu yake cikin WhatsApp. Da yawa sun yi murna da farko, daga baya ɗakin ya fara yi musu ƙunci. Ga tambayoyin da suka fi yawo a tsakaninsu.

Mutum yana da ɗakinsa da teburinsa, me zai fitar da shi?

Gidan Bahaushe bai san "ina aiki" ba muddin ana ganin takalminka a bakin ƙofa. Tunda kana gida, kai ne mai sayo gas, kai ne mai raba faɗan yara, kuma duk wanda ya yi sallama kai za a kira. Wanda kuma ya samu shirun da yake nema, sai kaɗaici ya kama shi. Wani bincike da Nicholas Bloom na Jami'ar Stanford da abokan aikinsa suka yi a kamfanin Ctrip na ƙasar Sin, aka wallafa a 2015, ya nuna cewa ma'aikatan da aka bari su yi aiki daga gida na wata tara sun ƙara ƙwazo da kashi 13 cikin ɗari. Amma da aka ba su zaɓi bayan gwajin, kusan rabinsu sun koma ofis, kuma rashin mutane na cikin manyan dalilansu.

Da gaske sauya wuri yana taimaka wa ƙwaƙwalwa, ko dai sunan yawo ne aka gyara?

Mutanenmu sun daɗe da sanin wannan. Gardawan tsangaya kan bar cikin gari su tafi kiskadi, su keɓe a gindin itace da allunansu, don sun lura karatu ya fi zama a can. Masana halayyar ɗan Adam sun zo sun tarar da su. A 1978 Steven Smith da Arthur Glenberg da Robert Bjork sun ba ɗalibai jerin kalmomi su haddace. Waɗanda suka yi bitar a ɗakuna biyu daban sun fi tuna kalmomin a kan waɗanda suka maimaita a ɗaki guda. A 2014 kuma wani gwaji a Stanford ya nuna cewa mutum ya fi kawo sababbin dabaru yana tafiya a ƙasa a kan yana zaune.

Sai dai a lura da irin aikin da aka gwada: hadda da neman dabara. Ba a ce lissafin albashi zai fi daidai a bakin titi ba. A ganina nan ne mutane ke kuskure, su kwashi duk aikin ranar su fita da shi. Aikin da ke son tunani, kamar tsara rahoto, karanta doguwar takarda ko fara rubutun da ya ƙi faruwa, shi ake fita da shi. Taron bidiyo da aikin lambobi a bar su inda akwai ƙofar da za a rufe.

To, ina za a je?

A fara da wuraren da ba a biya. Mai alaƙa da Kwalejin Waziri Umaru ko Jami'ar Tarayya da ke Kalgo yana iya neman izinin zama a laburare. Akwai ofishin aboki bayan an tashi aiki, akwai shagon ɗan'uwa mai sola, akwai zauren gidan kaka da ya zama kufai tun da yara suka watse. Falon otal ma yana yi idan za ka iya sayen abin sha ka zauna awa biyu ko uku, amma ka tambayi mai kula da wurin tukuna.

Majalisa da teburin mai shayi kuwa, kada ka yaudari kanka. Wani bincike na 2012 ya nuna cewa matsakaiciyar hayaniya, wajen desibel 70 a ma'aunin ƙarfin sauti, tana taimaka wa ƙirƙira, ta kai 85 kuma sai ta ɓata. Amma hayaniyar da ake nufi ta baƙi ce, wadda ba ruwanka da ita. A majalisarku kowa ya san ka, ba ka isa a gaishe ka ka yi shiru ba, kuma da an taɓo siyasa ko farashin shinkafa aikin ranar ya tafi. Wurin da ba a san ka ba ya fi, ko da kuwa daga Gesse za ka hau kabu-kabu zuwa Badariya.

Zafin garin nan fa?

Wannan ita ce tambayar da shawarwarin Turawa ba sa amsawa. Daga Maris zuwa Mayu zafi kan haura digiri 40, alhali yawancin kwamfutocin hannu an ƙera su ne su yi aiki a ƙasa da digiri 35. Idan kwamfuta ta yi zafi sai ta rage gudu da kanta, batirin kuma yana tsufa da wuri. Don haka zaman gindin dogon yaro na safe ne, daga bayan asuba zuwa hantsi. Daga azahar zuwa la'asar a nemi ɗaki mai fanka. Kada a ɗora kwamfutar a kan katifa ko darduma, domin suna toshe kafofin da take shan iska. Da hunturu kuma ƙura ce abokiyar gaba, a riƙa rufe ta a jaka da zarar an tashi.

Ba ƙarin kashe kuɗi ba ne?

Sai ka yi lissafi. Tun da aka cire tallafin man fetur a Mayun 2023 kuɗin abin hawa ya tashi, amma man janareta ma ya tashi. Idan a gida kana ƙona lita biyu don kwamfuta ɗaya da fanka, zuwa inda ake da sola na iya fi maka sauƙi. Data ma ta ƙara tsada bayan ƙarin kashi 50 cikin ɗari da hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince da shi a Janairun 2025, don haka sauke manyan fayiloli da dare ko inda kake da intanet mai arha ya fi.

Idan na je can babu sabis fa?

Gwada wurin da wayarka kafin ranar da za ka dogara da shi, kuma ka riƙe layi biyu na kamfanoni daban. Maƙwabtanmu na Zamfara sun ga abin da ya fi haka a Satumban 2021, lokacin da aka rufe layukan sadarwa a faɗin jihar saboda matsalar tsaro, har mutane suka riƙa tafiya wasu jihohi don su buga waya ko su tura saƙo. Duk takardar da za ka yi aiki a kanta, ka tabbata tana cikin kwamfutar kanta kafin ka fita.

Sirrin aikin mutane da kayan aikin fa?

Idan kana riƙe da sunaye, lambobin waya ko bayanan marasa lafiya, dokar kare bayanai ta 2023 ta ɗora wa masu sarrafa su alhakin tsare su. Zauna bayanka na jingine da bango don kada a leƙa allonka. Intanet ɗin kyauta na otal bai dace da harkar banki ba, gara ka jona kwamfutar da datar wayarka. In an kira salla, kulle ta da kalmar sirri, ka sa a jaka ka tafi da ita masallaci. "Duba min, yanzu zan dawo" ta raba mutane da yawa da kayansu.

Matan aure da ke aiki daga gida fa?

Su ne ma suka fi buƙata, domin tukunya da kwamfuta a tsakar gida ɗaya suke. Ba sai an je otal ba. Idan an yi shawara da maigida, yini ɗaya a mako a gidan iyaye ko gidan yaya, inda za a samu mai riƙe yara, yana iya fitar da aikin kwana uku. Wasu kan haɗu su biyu ko uku a gidan ɗaya daga cikinsu mai inbata, su yi alkawarin ba hira sai an ci abincin rana.

Sau nawa ya kamata a fita?

Sau ɗaya ko biyu a mako ya isa. Wurin da kake zuwa kullum shi ma zai zama ɗakinka na biyu, a san ka, a fara kawo maka katin biki. Idan kan ya toshe gaba ɗaya, Argungu tafiyar kusan awa ɗaya ce: ka bar kwamfutar a gida, ka ɗauki littafin rubutu da biro, ka zaga Gidan Tarihin Kanta, ka sauka bakin kogin Matan Fada ka rubuta abin da ya zo, ka kamo hanya kafin magariba.