Gyaran Maƙalar Binciken Likitanci Bayan Ƙwararru Sun Yi Bitarta

Tambaya: Idan edita ya dawo da maƙala yana neman babban gyara, an ƙi ta ke nan?

Amsa: A'a. Hukuncin mujalla yakan zo iri huɗu: karɓa, ƙaramin gyara, babban gyara, ko ƙi. Babban gyara alama ce cewa edita ya ga aikin na iya kaiwa ga bugawa, sai dai masu bita, waɗanda galibi biyu ne ko uku, sun gano giɓin da dole a cike, kuma akan mayar musu da maƙalar su sake dubawa.

Tambaya: Yaya ake rubuta musu amsa?

Amsa: Ana kwafo kowace magana tasu, a sa mata lamba, a rubuta amsa a ƙarƙashinta cikin ladabi, a kuma nuna shafi da layin da aka gyara. Maganar da aka tsallake ita ce mai bita zai fara nema.

Tambaya: Dole ne a bi duk abin da suka ce?

Amsa: Ba dole ba ne, amma ƙin amincewa yana buƙatar hujja. Idan aka nemi a ƙara yawan marasa lafiya alhali an riga an rufe binciken, marubuci zai bayyana cewa hakan ba zai yiwu ba, sannan ya faɗi wannan rauni ƙarara a sashen tattaunawa. Idan masu bita biyu suka saɓa wa juna, sai a sanar da edita wane ne aka bi a cikinsu da dalilin binsa.

Tambaya: Akwai abin da ba a taɓawa?

Amsa: Akwai, kuma a ganina nan ne amana take. Tun 2005 kwamitin editocin mujallun likitanci na duniya, ICMJE, ya shardanta a yi wa gwajin magani rajista kafin a ɗauki majinyaci na farko, kuma Afirka tana da rajistarta, PACTR. Wanda ya rubuta a rajistar cewa zai auna ko maganin zazzaɓin cizon sauro ya kawar da ƙwayar cutar daga jini zuwa rana ta 28, ba shi da damar musanya wannan ma'auni da saukar zafin jiki a rana ta 3 don ya fi kyan gani, domin likitoci za su dogara da sakamakon wajen ba mutane magani. Duk sabon lissafin da mai bita ya nema, a rubuta cewa daga baya aka yi shi, kuma kowane ɗaya daga cikin marubutan ya karanta ya amince kafin a mayar.