Harsashin magnum da harbin nesa: wanne za ka ɗauka idan kai mai nauyi kake so?

Masu harbin nesa, na gasa da na farautar manyan dabbobi, ba sa gajiya da musu a kan wane harsashi ya fi wane. Yawancin musun a kan gudu ake yin sa, alhali gudu ne abu na ƙarshe da ya kamata mai saye ya duba.

Me ya bambanta magnum da sauran harsasai?

Girman kwanso ne, da yawan albarushin da yake ci. Harsashin .308 Winchester da na .300 Winchester Magnum kaurin kansu, wato ɓangaren da ke fita daga bindiga, ɗaya ne, inci 0.308. Amma na farkon albarushinsa bai wuce giren 45 ko kusa da haka ba, na biyun kuwa yana haura giren 70. Shi ya sa kai mai nauyin giren 180 yake fita da gudun ƙafa kusan 2,600 a daƙiƙa a na farko, a na biyu kuma ya doshi 2,960. Giren shi ne ma'aunin da ake auna kan harsashi da albarushi da shi, kuma guda 7,000 ne ke cika laba ɗaya.

To me ya sa ake neman kai mai nauyi, tunda mara nauyi ya fi gudu?

Ya fi gudu a bakin bindiga, amma ba ya riƙe gudun. Tunda kaurin ba ya canzawa, duk nauyin da aka ƙara a tsawo yake shiga, sai kan ya fito siriri, mai tsinin hanci da tsukakken gindi. Irin wannan ya fi ratsa iska, kuma ana auna wannan ƙwarewar da adadin da ake kira BC. Idan kana kwatanta dogayen kawuna, duba BC na ma'aunin G7, ba na G1 ba, domin shi aka gina a kan siffarsu. G1 an gina shi ne a kan tsohon kai mai shafaffen gindi.

Faɗuwar harsashi abu ne da ake lissafawa a gyara a madubin hange. Iska kuwa ba ta da alƙawari. A mita 800 ƙaramin kuskure wajen karanta iskar da ke kaɗawa ta gefe ya isa ya fitar da kai daga allo gaba ɗaya, kuma kai mai BC babba shi ne ke rage maka wannan asarar. Sannan yana daɗewa bai sauko kusa da gudun sauti ba, wato mita 340 a daƙiƙa, inda harsasai da yawa ke fara tangaɗi.

Ko wace bindiga magnum za ta harba irin wannan kai?

A'a, kuma a nan ne mutane suka fi yin asarar kuɗi. A cikin bututun bindiga akwai zare murɗaɗɗe da ke juya harsashi yayin fita. Kamar mazari ne: muddin yana juyi da ƙarfi yana tsaye a kan tsininsa, da juyin ya yi rauni sai ya fara layi. Idan aka rubuta 1:10 a jikin bututu, ana nufin harsashi yana zagayawa sau ɗaya a kowane inci 10. Ƙaramin adadi shi ne murɗi mai tsanani. Kan da ya fita da gudun ƙafa 2,800 daga bututun 1:10 yana juyi kusan sau 200,000 a minti, daga na 1:8 kuwa kusan 250,000.

Tsawon kai ne ke neman murɗi, ba nauyinsa kaɗai ba. Shi ya sa kan da aka yi da jan ƙarfe zalla, wanda ya fi na dalma tsawo a nauyi ɗaya, yake buƙatar murɗi mafi tsanani. Alamar murɗi bai isa ba tana bayyana a jikin takardar allo: maimakon huda zagayayya tsaf, sai ka ga ta yi tsawo kamar an yage ta, domin kan ya iso a karkace. Kafin ma a kai nan, kan da ke ɗan rawa a hanya yana zubar da wani kaso na BC ɗinsa ba tare da ka gani ba. Masu lissafi da dabarar Miller, wadda ake auna ko murɗi ya ishi kai da ita, suna neman adadin daidaito ya kai 1.5. Ka kuma sani iska mai sanyi a ƙasa mai kwari ta fi kauri, don haka abin da ya zauna lafiya a kan tsauni da zafi zai iya yin gardama a bakin teku da sanyi.

Tsakanin .300 Winchester Magnum da .300 PRC fa?

Wannan ita ce tambayar da aka fi yi. Winchester ta fitar da nata a 1963, lokacin da giren 150 zuwa 180 ake yayi. An ƙayyade tsawon harsashin gaba ɗaya a inci 3.340, murɗi 1:10, wuyan kwanson kuma gajere ne, bai kai kaurin kan da yake riƙewa ba. Idan ka ɗora masa kai mai giren 225, wanda tsawonsa ya haura inci ɗaya da rabi, dole ka cusa shi can cikin kwanso don ya shiga gidan harsashi, sai ya cinye wurin albarushi.

Kamfanin Hornady ya fitar da .300 PRC a 2018 daga kwanson .375 Ruger, aka ba shi tsawo har inci 3.700, bututunsa kuma yakan zo da murɗi tsakanin inci 8 da 9. Dogon kai yana zama a waje, cikin kwanso ya rage wa albarushi. Na kamfani mai giren 225 yana fita da gudun ƙafa 2,810. Ba shi da ɗamarar nan ta gindin kwanso da tsofaffin magnum suka gada daga .375 H&H na 1912, a kan kafaɗarsa yake zama, abin da masu sake cika kwanso suke so.

Amma kada a raina tsohon. Sojan Amurka sun harba giren 220 da shi, kuma wanda ya sa aka yi masa bututu na musamman mai dogon maƙogwaro (mashigar bututu kafin zaren ya fara) da murɗi mai tsanani, yana cika harsashinsa da kansa, zai kamo PRC har ya taka masa dunduniya. Bambancin shi ne PRC daga kwali yake zuwa da wannan shirin. Tsohon kuma ya fi samuwa kusan ko'ina ake sayar da harsashi.

Ina labarin masu milimita 7?

Labarin iri ɗaya ne. 7mm Remington Magnum na 1962 murɗinsa inci 9 da ɗoriya ne, 7mm PRC na 2022 kuwa 1:8, an yi shi don giren 175 da 180 a gudun ƙafa kusan 3,000. A ganina nan ne mafi yawan mutane ya dace su tsaya: BC ɗin ba ya jin kunya a gaban na .30, naushin da bindiga ke yi wa kafaɗa kuma ya fi sauƙi. 28 Nosler ya fi shi gudu, ya kuma fi shi cin bututu.

Me zai hana a tafi kai tsaye ga .338 Lapua Magnum?

Babu, idan da gaske kana harbin da ya wuce mita 1,200 ko 1,500. An yi shi a shekarun 1980, kamfanin Lapua na Finland ya kammala shi, yana jefa giren 250 zuwa 300. Sai dai bindigarsa babba ce mai nauyi, kowane harbi yana da tsada, kuma a ƙasa da mita 1,000 abin da ya fi .300 PRC da shi bai taka kara ya karya ba. Akwai kuma .300 Norma Magnum, wanda dakarun musamman na Amurka suka ɗauka a bindigar Barrett MRAD, shi ma babbar bindiga yake buƙata.

Mene ne kuɗin da ake biya wanda ba a rubuta a kwali?

Bututu da kafaɗa. Albarushi mai yawa da ke bi ta ƙaramar ƙofa yana ƙona maƙogwaron bututu. Bututun .308 yana iya kai harbi 5,000 bai gaza ba, na manyan magnum sau da yawa tsakanin 1,000 da 1,500 daidaitonsa ke fara tafiya, musamman ga mai harbi a jere bututu na zafi.

Naushi kuwa halin mutum yake ɓatawa. Sa wani ya cika maka gidan harsashi, ya ɓoye na bogi guda a ciki ba ka sani ba. Idan ka ja kunama a kansa aka ji ƙas, amma bakin bindiga ya duƙa, idonka ya rufe, to ka fara tsoron bindigarka, kuma babu BC ɗin da zai gyara wannan. Birkin bakin bindiga, wato ƙarfe mai ramuka da ake ɗaurawa a bakinta, yana rage naushi sosai, amma ƙararsa tana illa ga kunne, naka da na wanda ke kusa, sai an toshe kunne da kyau.

Kan gasa zai yi farauta?

Ba kowanne ba. Kan gasa huda takarda da buga ƙarfe aka yi shi, na farauta kuma an yi shi ya buɗe ya kuma nutsa. Yawancin na farauta suna son su iso da gudun da bai gaza ƙafa 1,800 a daƙiƙa ba kafin su buɗe yadda ya kamata. Duba jadawalin gudun harsashinka ka ga a wace tazara gudun ya faɗo nan. Iyakar harsashin ke nan a kan dabba, ko da a allo yana wuce haka nesa.

Ta ina zan fara zaɓe?

Daga kan da kake son harbawa da tazarar da kake da filinta. Duba murɗin da kamfanin kan ya ce yana buƙata, ka tabbatar bututun yana da shi, sannan ka auna gidan harsashin bindigar ka ga ko zai ɗauki tsawon. Bayan nan ne za ka tambayi sunan harsashi, da ko ana samunsa inda kake, da abin da dokar ƙasarka ta yarda ka mallaka.