Injin Wanki Mai Feshin Ruwa

Injin wanki mai feshi na'ura ce da ke zuƙo ruwa daga famfo ko tanki, ta matse shi, sannan ta turo shi ta siririn baki da ƙarfin da zai kankare laka, gansakuka da maiƙo daga siminti, bango ko jikin mota. Asalinsa injin wanki da tururi ne da Frank Ofeldt ya ƙera a Amurka a shekarun 1920. A 1950 kuma Alfred Kärcher na Jamus ya fito da mai feshin ruwan zafi.

Na gida iri biyu ne, mai lantarki da mai fetur. Ana auna matsin ruwansu da ma'aunin "bar". Ruwan famfon gida bai cika wuce bar 4 ba, alhali ƙaramin inji mai lantarki yakan kai bar 100 zuwa 150, mai fetur ma ya zarce haka. Masu saye sukan ƙura ido kan wannan adadi kaɗai, kuma kuskure ne. Matsi yana ɓamɓare datti, amma yawan litar da injin ke fitarwa a awa shi ke kwashe shi. Don wanke mota da tsakar gida, mai lantarki ya wadatar. A duba tsawon tiyo da samuwar kayan gyara. Famfon cikin injin, wato wanda ke matse ruwan, na tagulla ko alminiyom ya fi na roba ƙarko.

A injuna da yawa launi ke bambanta bakunan feshi, gwargwadon faɗin da feshin ke buɗewa, wanda ake aunawa da digiri: ja digiri 0, rawaya 15, kore 25, fari 40, baƙi na sabulu. Jan nan yana tattara ruwan a ɗigo guda, yana ɓare fenti, yana sassaƙe katako, kuma da wuya aikin gida ya buƙace shi. A fara da fari, daga nesa, a matso a hankali. Tayar mota kuwa, a ba ta tazarar aƙalla santimita 30.

Babban haɗarin yana ga fata. Ruwan kan huda ta ya tura datti can cikin tsoka, a waje kuwa sai ɗan tabo da ba a ɗauka a bakin komai ba. Irin wannan rauni na asibiti ne nan take, ko da babu zafi sosai, domin jinkiri na iya jawo yanke yatsa. Shi ya sa ba a saita shi kan mutum ko dabba, ba a ba yara, ba a wanke ƙafa da shi. Tabarau na kariya da rufaffen takalmi wajibi ne. Ba a hawa tsani da shi, saboda yana tunkuɗa mai riƙe da shi baya da zarar an danna kunama.

Mai fetur ba a kunna shi a gareji ko ɗaki, don hayaƙinsa na ɗauke da iskar kabon monoksaid mai kisa, wadda ba ta da wari. Mai lantarki kuma a jona shi a soket mai na'urar katse wuta idan ta zuba, a nisanta feshi daga wayoyi da mitar wuta. Kada a bar injin yana aiki babu ruwa, famfonsa zai lalace. In an gama, a kashe shi, a rufe ruwa, a danna kunama har matsin da ya rage ya fita, kafin a kwance tiyo.