Canza rubutun rumfar shagon atamfa: tambayoyin da ƴan kasuwar Kumasi ke yawan yi

Assalamu alaikum ƴan uwa. Aikina rubutun shago da manna sitika a nan Kumasi, kuma masu atamfa da shadda da leshi sun fi kowa zuwa da maganar rumfa, wani ya sayi shago da sunan tsohon mai shi a jiki, wata ta canza lamba, wani kuma har yau Vodafone Cash, wato tura kuɗi ta waya, ke rubuce a rumfarsa alhali tun 2024 kamfanin ya koma Telecel. Ga abin da aka fi tambaya.

Na karɓi shago a Alabar, rumfar na da kyau amma sunan wani ne a jiki, zai gogu?

Alhaji kafin ka sayi komai ka hau kujera ka taɓa rumfar da hannunka. In ka ji santsi kamar leda mai kauri to tamfol ɗin roba ne, in kuma kana jin zaren saƙa to kanbas ne. Sannan ka sa farce a gefen harafi ɗaya. Ya ɗago? Sitika ce, ka yi sa'a. Bai ɗago ba amma kana jin kaurinsa, fenti ne. In ko ba ka ji komai ba, rubutun da rumfar duk abu ɗaya ne, to inji ne ya buga shi, wannan babu abin da zai cire shi sai dai a rufe ko a canza. Yawancin rumfunan da na ga sun lalace a nan aka lalata su, mutum bai san irin rubutun ba ya ɗauko tina, wato ruwan sirka fenti, ya hau gogewa.

To yaya ake cire sitikar?

Da zafi da haƙuri. Ka aro dirayar gashi wurin masu salun, ka ɗumama harafi ɗaya har ya yi laushi, ka ja shi a hankali a kwance ba a tsaye ba. Kar ka tsaya da zafin a wuri ɗaya, robar za ta yamutse kuma ba ta komawa. In babu wuta ranar azahar ma tana taimakawa. Gam ɗin da ya rage ka sa sifirit a tsumma ka murza, ko kananzir kaɗan, amma ka fara gwadawa ta baya inda ba a gani, ka gama ka wanke da sabulu da ruwa sosai don sabuwar sitika ba ta kama wurin da ke da maiƙo. Dan Allah ban da reza, ban da tina, ban da fetur. Tina na cin fatar tamfol, wurin zai dushe ya riƙa danƙo yana kama ƙura.

Na cire tsaf amma har yanzu ana karanta tsohon sunan, me ya sa?

Wannan ba datti ba ne Hajiya, ko kwana za ki yi kina wanki ba zai fita ba. Rana ta ƙoɗar da duk rumfar sai inda haruffan suka rufe, shi ya sa nan ya zauna da launinsa na asali. Ja da ruwan lemo sun fi saurin ƙoɗewa, su ne inuwar ta fi fitowa a jikinsu. Mutane na cewa a bari rana za ta daidaita, eh tana ragewa amma da daɗewa, kuma a wannan tsakanin duk wanda ya wuce sunaye biyu yake gani ɗaya a kan ɗaya. Ni abin da nake yi, in shimfiɗa faffaɗan launi mai duhu, shuɗi mai duhu ko baƙi ko kore mai duhu, ya rufe duk inda tsohon rubutun yake har ya ɗan wuce, sannan sabon suna ya hau kai da fari ko rawaya. Ya fi fitowa ma daga nesa.

In fenti ne a kan kanbas fa?

Ya riga ya shiga zare, ka haƙura da gogewa. Ana iya rufe shi da wani fentin amma ba fentin mai na ƙofa da taga ba, wannan in ya bushe tauri yake, iska na kaɗa rumfar zai tsattsage. Ka ce wa mai fenti ya yi da akirilik ko tawadar buga riga, hannu biyu sirara, na farko ya bushe kafin na biyu. Ita kuma sitika ba ta zama a kan saƙa, za ta yi kyau ranar farko, damina ɗaya ta zube.

Amma gaskiya shawarar da na fi ba mutane ita ce a bar jikin rumfar a canza leɓen gaba kawai, wato ɗan yankin da ke sauka a bakinta. Tela mai babban keke, irin masu ɗinka tamfol ɗin mota ko kujera, zai farke tsohon ya ɗinka sabo. In ka yi dabara ka ce ya sa ramuka masu zoben ƙarfe a ɗaure da igiya, to ran da lamba ta canza ko aka tashe ku, kwancewa kawai za ka yi. Waɗanda aka kwasa daga Central Market zuwa Racecourse saboda ginin sabuwar kasuwa sun san abin da nake faɗa, ƙarfen rumfa ba lallai ya dace da sabon wuri ba amma sunanka kana iya naɗe shi ka tafi da shi.

Sai na kwashe kaya kafin a yi aikin?

Na gaba dai a kwashe ko a lulluɓe da leda. Yadi na shan wari, turmin atamfa ɗaya ya ɗauki warin kananzir ko ɗigon fenti ya faɗa wa farar shadda, asarar ta fi kuɗin aikin. In za a sauke rumfar gaba ɗaya kar a bar kayan rataye a rana. Wani abu kuma da masu yadi ba su cika lura ba, in za ka sabunta rumfar kar ka sa tamfol ja ko kore marar kauri, hasken da ke ratsa shi yana canza launin kaya, mace ta zaɓi leshi a ƙarƙashinsa ta je gida ta ga ba shi ba ne, gobe ta dawo da rigima. Fari ko ruwan toka a ciki ya fi.

Me ya kamata in rubuta?

Suna babba, abin da kake sayarwa a kalma uku ko huɗu, lamba ɗaya. Shikenan. Wanda ke cikin trotro, wato motar haya, ba shi da lokacin karanta GTP da Woodin da Printex da Holan da leshi da shadda da mayafi da lambobi uku. A aikinmu muna ƙiyasta inci 1 na tsawon harafi ga kowace ƙafa 10 ta nisa, wato in kana so a karanta daga tsallaken titi kar ya gaza inci 6. Lambar adireshi ta GhanaPost GPS ɗin nan mai farawa da AK a sa ta ƙarama a gefen ƙofa. Kuma kar ka manna tambarin kamfani kamar kai wakilinsu ne in ba su ba ka ba.

In akwai Larabci ka tsaya a kan mai kwamfuta, don sau da yawa haruffan na fitowa a rarrabe ko a juye daga hagu kuma shi bai iya karantawa ba balle ya gane. A buga a takarda ka kai wa malam ya duba. Haka ƙ da ɗ namu, wasu salon rubutun ba su da su. Aya ko sunan Allah kuwa ni ina roƙon mutane su sa a allo a cikin shago, saboda tsohuwar rumfa ƙarshenta shimfiɗa ce a ƙasa ko rufin buhunan gawayi, wallahi abin na damuna in na gani.

Akwai maganar izini?

Asambili, wato ƙaramar hukuma, na karɓar kuɗin allon talla bayan na lasisin kasuwanci na shekara, don haka ka leƙa KMA, asambilin Kumasi, ko na Asokore Mampong in kana Aboabo ko Asawase, musamman in za ka ƙara girman rumfar ta shigo hanya. Sunan da ke sama ya zama shi ne a takardar rajistarka. Ɗan haya kuma ya sanar da mai gida tukuna.

Wane lokaci ya fi?

Ranar da ba hadari. Daga Afrilu zuwa Yuli ruwan Kumasi ba ya sallama, gara a sauke leɓen a yi aikin a ɗaki. Da hunturu fenti na saurin bushewa amma ƙura na manne masa, sai a yi da sassafe bayan an goge wurin. Kuma kar ka bari sai saura sati ɗaya Sallah ko Kirsimeti, lokacin tela da mai buga sitika duk ba sa ɗaga kai, kai ma ba ka da ranar da za ka rufe gaban shago.