Mene ne rifrakta, kuma me ake nufi da "apo" a tallar na'urar hangen taurari?

Wanda ya shiga shagunan intanet neman na'urar hangen taurari mai sauƙin ɗauka zai yi ta cin karo da rubutu irin wannan: rifrakta, 80mm, f/6, apo. Rifrakta ita ce na'urar da take tattara haske da gilashi mai doro da ke bakin bututu. Hasken ya ratsa gilashin, ya karye, ya je ya taru a wuri guda a ƙarshen bututun, inda ake sa ido ko kyamara. Ɗaya nau'in kuwa madubi ne a gindin bututu yake yin wannan aikin. Rifrakta ce ta fara zuwa: ita Hans Lipperhey ya nemi haƙƙin mallakarta a Holan a 1608, da irinta kuma Galileo ya ga watannin Mushtari huɗu a farkon 1610.

Ƙaramarta ba ta da wahalar sha'ani. Bututun a rufe yake, gilashin a kafe yake, ba sai an riƙa saita shi kowace fita ba kamar yadda mai madubi take buƙata. Mai faɗin milimita 60 zuwa 80 tana shiga jakar goyo.

Amma gilashi yana da wani aibi na asali. Ba ya karya launuka daidai wa daida: shuɗi ya fi ja karyewa, saboda haka kowane launi da inda yake taruwa. Sakamakon shi ne wani zobe mai launin shunayya da ake gani a gefen wata ko kewaye da Zahra. Maganin da aka samo shi ne haɗa gilashi biyu masu hali daban, wanda John Dollond ya samu haƙƙin mallakarsa a Ingila a 1758. Wannan haɗin shi ake kira akiromat, yana tara ja da shuɗi wuri ɗaya, saura kaɗan ya rage. Apo kuwa, wato apokiromat a taƙaice, launuka uku take haɗawa, ta hanyar gilashi na musamman da ake yi wa alamar ED, ko ma'adinin fulorait, galibi kuma gilasai uku ne a jere. Shi ya sa kuɗinta yake ninka na akiromat. A kula, babu hukumar da ke tantance wannan suna, wasu masu sayarwa suna liƙa shi a kan duk abin da ke da gilashin ED ko da guda ɗaya ne. Gara mai saye ya nemi hotunan taurari da aka ɗauka da ainihin samfurin kafin ya biya.

Ga mai kallo da ido kawai, doguwar akiromat mai f/10, wato wadda nisan taruwar haskenta ya ninka faɗin gilashinta sau goma, ta wadatar, domin tsawon yana rage zoben sosai. Mai ɗaukar hoto ne ba shi da mafita sai apo, saboda kyamara tana tara shuɗin da ido yake yafewa, taurari su fito a kumbure.

Sai lambobin. 80mm faɗin gilashin gaba ne, shi ne kuma ma'aunin hasken da na'urar za ta kama, kusan ninki 130 na abin da ƙwayar ido take kamawa cikin duhu. f/6 kuwa yana nufin a ninka faɗin sau 6: idan aka ninka 80 sau 6 za a samu milimita 480, wato nisan da haske yake tafiya kafin ya taru. Girman da abu zai yi a ido ya dogara ne da ɗan gilashin da ake leƙawa: a raba 480 da lambar da ke jikinsa. Mai milimita 24 zai ba da ninki 20, wanda ya dace da Kaza da 'Ya'yanta ko neman jinjirin wata bayan faɗuwar rana. Mai milimita 6 zai ba da ninki 80, a nan zoben Zuhal yake fitowa tsaf. Iyakar mai amfani ita ce kusan ninki biyu na faɗin gilashin, wato 160. Duk kwalin da ya yi alkawarin ninki 500 a kan ƙaramar na'ura, dishi-dishi kawai zai nuna.

Inda masu fara ɗaukar hoto suka fi shan wuya shi ne mazaunin na'urar. Sama tana juyawa digiri 15 a awa ɗaya, a milimita 480 kuwa daƙiƙa biyu sun isa tauraro ya zama layi. Dole a samu mazauni mai injin bin taurari, a kuma saita shi da tauraron arewa. Tsayin wannan tauraro daga ƙasa daidai yake da nisan garin a digiri daga layin ikwaita da ya raba duniya arewa da kudu, a Kano kusan digiri 12 ne kacal, don haka katanga ko hazon hunturu suna iya ɓoye shi. A tabbatar mazaunin yana iya sunkuyowa zuwa wannan matakin, domin ba kowanne ne yake iyawa ba.

Idan tsakiyar hoto ta yi kyau amma taurarin kusurwa sun miƙe, ana buƙatar gilashin baje fili a gaban kyamara. Yawancinsu suna son tazarar milimita 55 zuwa farantin da ke ɗaukar hoto a cikin kyamarar, kuskuren milimita ɗaya ko biyu ma yana nunawa.

A fitar da na'urar waje minti 20 zuwa 30 kafin a fara, zafinta ya daidaita da na iska. Ƙurar hunturu a hure ta da robar busa iska kafin kyalle ya taɓa gilashin, in ba haka ba yashin zai karce rufin da ke kansa. Da damina kada a rufe ta a jaka tana da raɓa, domin fumfuna tana tsirowa tsakanin gilasai. Rana kuwa ba a nuna mata na'urar ko na ƙiftawar ido sai da matacin rana na musamman da aka ɗaure a bakin gaba, domin hasken da gilashin ya tara yana ƙona ido nan take, kuma ba ya warkewa.